Yadda Za Ka Karanta Littattafan Kimiyyar Kwamfuta Irin Karatun Zaure

Wani ƙanen abokina da ke aji uku a fannin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Danfodiyo can Dundaye ya same ni gida a Mabera bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa. Cike take da littattafan da ya kwaso daga zaurukan WhatsApp da Telegram tun yana aji ɗaya. Na tambaye shi wanne ya karanta har ya sauke a ciki. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Yaya, duk wanda na buɗe, kafin in kai babi na uku wani ya ɗauke mini hankali. Ga furojet yana tafe, ban ma san ta inda ake farawa ba."

Abin ya dame ni, don yaron yana da ƙwazo, kuma a Sakkwato aka haife shi, garin da ya san yadda ake cin littafi tun zamanin Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello da Nana Asma'u. Duk wanda ya zauna a zaure ya san ba a zuwa gaban malam ranar farko da Mukhtasar a hammata. Ahalari ake farawa, a bi ta Ishmawi da Iziyya, a shiga Risala. Littafi ɗaya ake riƙewa, malam ya biya, ɗalibi ya maimaita, ya koma gida ya yi bita, gobe a yi ƙari, har ranar sauka. Wannan tsarin shi na ga ya fi yi wa littattafan kwamfuta magani, kuma shi zan shimfiɗa a nan. Ina ta cewa "ka", amma ƙannena mata har da ku nake.

Mataki na farko: raba matani da sharhi da hashiya

Rubuce-rubucen wannan fanni iri uku ne. Akwai maƙalun da aka fara fito da wani tunani a cikinsu, waɗanda yawancinsu ba su wuce shafi goma zuwa ashirin ba. Su ne matani. Akwai manyan littattafan koyarwa da suka tattara tunanin, suka warware shi da misalai da atisaye. Su ne sharhi. Sai bidiyon YouTube da handaut da gajerun rubuce-rubucen intanet, waɗanda matsayinsu na hashiya ne, wato ana leƙa su idan wata gaɓa ta cije. Yawancin ɗalibanmu a hashiya suka tare, ita suke haddacewa su shiga jarrabawa.

Akwai wata tantancewar kuma. Littafin da aka rubuta kan sigar wata manhaja ta bana, bayan shekara uku ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Wanda aka rubuta kan yadda ake tunani kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Don haka buɗe tarin nan naka, duk littafin da sunansa ke ɗauke da lambar siga ko alkawarin ƙwarewa cikin kwana kaɗan, ware shi gefe. Za ka koma masa ranar da aiki ya buƙata, kamar ƙamus.

Mataki na biyu: jera littattafanka, ka riƙe ɗaya

Ga jerin da nake ba duk wanda ya riga ya iya ɗan rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ko da na yaren Python ne.

Ahalarinka shi ne The C Programming Language na Brian Kernighan da Dennis Ritchie, wanda ya fito a 1978, bugu na biyu a 1988, kuma na biyun za ka nema. Bai kai shafi 300 ba. Ritchie shi ya ƙirƙiro yaren C ɗin da kansa, ka ga waƙa ce a bakin mai ita. Dalilin da ya sa nake farawa da shi: C ba ya ɓoye maka abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ranar da ka fahimci babi na biyar, inda ake bayanin yadda wata ma'ajiya ke riƙe adireshin wata, abubuwa da yawa da kake yi da ka a Java da Python za su faɗa maka.

Daga nan sai algorizim, wato jerin matakan warware matsala, kalmar da ta samo asali daga sunan Alhawarizmi, masanin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. Littafin da aka fi sani shi ne Introduction to Algorithms na Cormen da Leiserson da Rivest da Stein, wanda ya fara fita a 1990, bugu na huɗu a 2022. Ya haura shafi dubu, kuma ba a ce ka cinye shi duka ba. Ɗauki babukan farko kan auna saurin algorizim, da jera bayanai, da hanyoyin adana su, da babukan taswirar mahaɗa da hanyoyi. Sauran ka bar su sai buƙata ta taso.

Na uku, Operating Systems: Three Easy Pieces na Remzi da Andrea Arpaci-Dusseau na Jami'ar Wisconsin. Marubutan da kansu suka sa shi kyauta a intanet, babi-babi, kowane babi gajere ne, ba zai ci maka data ba. Gida uku suka kasa shi: yadda kwamfuta ɗaya ke nuna wa kowace manhaja kamar ita kaɗai ce a kai, yadda ayyuka da dama ke gudana lokaci guda ba tare da sun yi karo ba, da yadda bayani ke tsira bayan an ɗauke wuta. Wannan na ƙarshen ba sai an yi wa mutumin Sakkwato dogon bayanin amfaninsa ba.

Na huɗu shi ne na injiniyancin manhaja tsantsa, The Mythical Man-Month na Fred Brooks, 1975. Kusan babu kod a ciki, hira ce ta dattijon da ya jagoranci gina babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya ga yadda aiki ke lattin kammaluwa duk da tarin ƙwararru.

Littattafan Donald Knuth, The Art of Computer Programming, da juzu'insu na farko ya fito a 1968 kuma har yanzu bai gama rubuta su ba, su ne Mukhtasar ɗin fannin. Ka san da zamansu, ka girmama su, ka bar su tukuna. Kuma taura biyu ba ta taunuwa: kada ka buɗe na biyu sai ka sauke na farko.

Mataki na uku: kayan aiki da lokaci

Rashin laftof ba uzuri ba ne. In kana da wayar Android, sauke manhajar Termux daga rumbun manhajoji na F-Droid, ka rubuta pkg install clang, ka sami abin da zai sarrafa maka C a tafin hannunka. Sayi littafin rubutu mai kauri guda ɗaya domin wannan karatun kaɗai. Babin da kake kai, in da hali ka kai shagon fotokwafi a fitar maka da shi a takarda, don takarda ba ta neman caji, saƙon kowa kuma ba ya faɗowa a kanta. Lokaci kuwa, bayan sallar asuba ya fi, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin garin nan ke haura digiri 40, da rana kai ba ya ɗaukar komai. Minti arba'in da biyar kullum ya fi awa shida ranar Lahadi.

Mataki na huɗu: yadda ake cin babi

A nan ne aikin yake. Fara da zagaya babin cikin minti biyar, ka duba kanun sassa da atisayen ƙarshe, don ka san inda aka dosa. Sannan ka dawo ka bi shi a hankali. Duk kod ɗin da ka tarar, buga shi da yatsunka, kada ka kwafa ka liƙa. Kafin ka kunna shi, rubuta a littafinka abin da kake zaton zai fito. In ya saɓa da zatonka, ka tsaya nan, don daidai wurin ne karatunka yake. Bayan ya yi aiki, ɓata shi da gangan: canja alamar "ƙasa da" ta koma "ƙasa da ko daidai da", cire layi ɗaya, ba shi jerin da babu komai a ciki, ka ga me zai yi.

Bari in ba ka misali da binciken rabawa biyu, wanda kusan kowane littafin algorizim ke kawowa. A ce kana da sunayen mutum miliyan ɗaya a jere bisa haruffa, kana neman ɗaya. Sai ka duba na tsakiya. In wanda kake nema yana gabansa ka watsar da rabin baya, in yana bayansa ka watsar da rabin gaba, ka maimaita. Duba ashirin ya ishe ka, domin in ka ninka biyu sau ashirin za ka sami 1,048,576. Kowa ya ji wannan sai ya ce ya gane. To rufe littafin ka rubuta shi da ka, ka gwada shi da jeri mai abu ɗaya, da mai abu biyu, da sunan da babu shi sam. Da wuya ka tsallake a karon farko ba tare da ya maƙale yana juyawa ba.

Kada hakan ya karya maka gwiwa. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa binciken rabawa biyun da shi kansa ya rubuta wa ɗakin kayan aikin Java ya shekara kusan tara da kuskure a ciki ba a lura ba. Wajen neman tsakiya, ana haɗa lambar farko da ta ƙarshe a raba biyu. In jerin ya yi girma ƙwarai, jimillar sai ta haura 2,147,483,647, iyakar abin da ma'ajiyar za ta iya riƙewa, ta juye ta koma lambar da ke ƙasa da sifili. Gyaran shi ne a cire ta farko daga ta ƙarshe, a raba biyu, sannan a ƙara a kan ta farko. Irin wannan ba ya zama a kai sai hannu ya taɓa shi.

Atisayen ƙarshen babi kuwa wajibi ne, ko da rabinsu. Wanda ya gagare ka, ba shi kwana biyu kafin ka nemi amsa. Turancin ma kan tsaya wa mutum a wuya, don haka ware shafukan bayan littafinka, duk kalmar da ta hana ka wucewa ka rubuta ta da ma'anarta da Hausarka. Kafin ka rufe babi, rubuta abin da ya ƙunsa cikin layi biyar da Hausa, ba tare da ka leƙa ba. In Hausar ta ƙi fitowa, Turancin ka haddace, ma'anar ba ta shiga ba tukuna, koma.

Mataki na biyar: shiga matani

Bayan ka sauke littafi ɗaya ko biyu, fara haɗawa da maƙala ɗaya a kowane wata. Wani malamin Jami'ar Waterloo da ke Kanada, S. Keshav, ya rubuta gajeren bayani a 2007 kan bin maƙala sau uku, kuma na ga amfaninsa. Bi na farko minti biyar zuwa goma ne: take, tsakure, gabatarwa, kanun sassa, kammalawa, sai ka leƙa manazarta. Daga nan za ka san ko ta cancanci lokacinka. Bi na biyu kamar awa ɗaya, ka karanta jikinta, ka tsaya kan zane-zane da jadawali, ka tsallake dogayen hujjojin lissafi. Bi na uku shi ne ka sake gina aikin da kanka kamar kai ne marubucin, kuma ga sabon shiga yakan ci awa huɗu ko biyar.

Wadda nake so ka fara da ita ita ce ta Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ta 1959, kan nemo hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu. Shafi uku ce kacal, babu kod, zance ne zalla. A bi na uku, zana unguwanninmu a takarda. Lambobin nan nawa ne na gwaji, ka ɗauke su a matsayin mintocin kabu-kabu: Gawon Nama zuwa Dandima 4, Gawon Nama zuwa Runjin Sambo 10, Dandima zuwa Runjin Sambo 5, Dandima zuwa Dundaye 30, Runjin Sambo zuwa Dundaye 20. Ka tashi daga Gawon Nama, ka rubuta mata sifili. Maƙwabtanta su sami 4 da 10. Ɗauki mafi ƙanƙanta cikin waɗanda ba ka rufe ba, wato Dandima, ka rufe ta, ka duba ko bi ta kanta zai rage wa wani tafiya: Runjin Sambo ta sauko daga 10 zuwa 9, Dundaye ta sami 34. Yanzu mafi ƙanƙanta Runjin Sambo ce, ta kanta kuma Dundaye ta sauko zuwa 29. An gama. Sai ka tambayi kanka, me ya ba mu tabbacin cewa wurin da aka rufe ba zai sake samun hanyar da ta fi kusa ba? Sa wa hanya ɗaya lambar da ke ƙasa da sifili ka ga yadda tabbacin ke rushewa. In ka iya amsa wannan, mayar da shi kod.

Bayanta, nemi ta David Parnas ta 1972 kan yadda ake yanka babbar manhaja gida-gida. Shawararsa ita ce kowane gida ya ɓoye wani hukunci guda da ake tsammanin zai iya canjawa nan gaba, maimakon a yanka bisa jerin matakan aiki. In kana gina manhajar karɓar kuɗin makaranta, to yadda ake adana bayanan ɗalibai ya zama sirrin gida ɗaya, ranar da aka canja rumbun bayanai ba sai an rushe ginin duka ba. Sai ta Edgar Codd ta 1970, wadda daga ita ne rumbunan bayanai masu tebur-tebur da yaren SQL suka tsiro, da jawabin Ken Thompson na 1984 mai shafi uku kan yadda za a iya ɓoye ƙofar ɓarayi a cikin abin da ke sarrafa kod ɗin kansa.

Mataki na shida: kada ka ambaci abin da ba ka gani ba

Wannan na masu rubuta kundin digiri ne, musamman babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata. Kundi nawa na gani an rubuta cewa Winston Royce ne ya kawo tsarin gangarar ruwa a 1970, wato a gama tattara buƙatu, a gama zane, a gama kod, sannan a yi gwaji a ƙarshe ba waiwaye. Nemo maƙalar ka karanta. Ya zana tsarin, gaskiya ne, amma nan take ya ce yin sa haka yana da haɗari kuma yana jawo faɗuwa, ya ƙarar da sauran shafukan yana kawo gyara, har da cewa a gina abin sau biyu kuma a jawo mai aikin a jiki. Sunan gangarar ruwan ma babu shi a ciki. Wani ya kwafa daga wani, shi ma daga wani, har aka jingina wa mutum abin da ya yi gargaɗi a kai. Malamanmu na hadisi sun san maganin wannan tuntuni: a bi isnadi har tushe.

Inda za ka samu: sa taken maƙalar a Google Scholar, ka danna wurin da ke nuna dukkan sigoginta, sau da yawa akwai ta kyauta a shafin marubucin. Shafin DBLP zai tabbatar maka da sunan marubuci da shekara da inda aka buga. Ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta buɗe abin da ta wallafa daga 1951 zuwa 2000 kyauta tun 2022, kuma na Parnas da Codd da Thompson duk suna ciki. Sababbin bincike kuwa shafin arXiv, sai dai ka sani ba duk abin da ke can aka tantance ba. In kai ɗalibin Danfodiyo ne, shiga ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo ka tambayi ma'aikata rumbunan da jami'a ke da rajista da su. Matambayi ba ya ɓata. Adana komai a manhajar Zotero tun ranar farko, kyauta ce, ita za ta jera maka manazarta.

Hattara biyu. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira sukan ƙago maƙala da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya, don haka duk abin da suka ba ka, sai ka gan shi da idonka ka buɗe shi. Sannan akwai mujallun neman kuɗi, masu karɓar maƙala cikin kwana biyu-uku, suna buga noma da likitanci da kwamfuta a fitowa ɗaya. A fanninmu, manyan ayyuka sun fi fitowa a tarukan ƙwararru irin ICSE, taron injiniyancin manhaja na duniya, da mujallun ACM da na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, can za ka fi karkata.

Mataki na bakwai: kafa zaure

Karatun kaɗaici yakan mutu a mako na uku. Nemi mutum uku ko huɗu, ku sa rana ɗaya a mako, ko a ƙarƙashin bishiya ne a makaranta. Kowa ya zo ya riga ya karanta babin. Mutum ɗaya ya biya da Hausa, saura su tare shi da tambaya, mako mai zuwa a juya. In akwai lakcara ko wani da ke aikin manhaja da zai riƙa leƙo ku ko sau ɗaya a wata, ku je ku same shi da ladabi: "Malam, mun kai babi kaza, ga inda ya cije mana." Malamai sun fi sakin jiki da ɗalibin da ya zo da tambaya takamaimai.

Kada ku wuce biyar. Brooks ya kawo lissafin: hanyoyin magana tsakanin mutane su ne yawansu sau yawansu ban da ɗaya, a raba biyu. Mutum biyar hanya 10 ke nan, mutum goma 45, mutum hamsin 1,225. Daga nan ya fitar da ƙa'idarsa cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa latti yake yi, don sababbin sai an koya musu, masu koyarwar kuma su ne masu aikin. Duk wanda ya taɓa yin furojet na rukuni zai karanta wannan babin yana gyaɗa kai.

A zauren nan ne kuma ya kamata ku karanta rahotannin haɗurra, don su ne ke nuna nauyin sana'ar. Sunan injiniyancin manhaja ya bazu ne daga taron da NATO ta kira a Garmisch ta Jamus a 1968, lokacin da manyan ayyuka ke ta rushewa. Ku nemi binciken Nancy Leveson da Clark Turner na 1993 kan Therac-25, na'urar gashin cutar daji da ta zuba wa majinyata hasken da ya wuce kima sau shida tsakanin 1985 da 1987, wasunsu suka rasu. Ku bi shi da rahoton rokar Ariane 5 da ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, daƙiƙa arba'in ko ƙasa da haka bayan tashinta, saboda an cusa lamba mai gurbi 64 a ma'ajiya mai gurbi 16, a cikin kod ɗin da aka gado daga Ariane 4 ba tare da an sake auna shi da saurin sabuwar rokar ba. Dangin kuskuren nan ne na binciken rabawa biyu. Bayan kun karanta, kowa ya buɗe kod ɗin furojet ɗinsa, ya nemo wuri ɗaya da ya ɗauka lamba ba za ta taɓa wuce wani adadi ba, ya kawo wa zaure mako mai zuwa tare da gwajin da ya rubuta masa.